Digirin maikrobayoloji a hannu, aiki ya ƙi samuwa: in koma aji ne ko in kama sana'a?

Ɗan Ƙofar Na'isa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni taka wannan hanya, musamman ma'aikatan lafiya da malaman makaranta da masu sana'ar hannu, domin na juya maganar a raina har ta fara hana ni barci, kuma a gida kowa da abin da yake gaya mini.

Shekarata 27 da haihuwa. Likitanci na nema a JAMB, aka ba ni maikrobayoloji, na karɓa don kada in zauna a gida, da niyyar in canza a aji biyu, amma canjin bai yiwu ba. Karatun da aka tsara a yi cikin shekara huɗu ya ci mini shida, saboda annobar korona da yajin aikin ASUU na 2020 sun cinye kusan shekara guda, sannan na 2022 ya ɗebe wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Na yi hidimar ƙasa ina koyar da bayoloji a wata sakandare, kuma yawancin watannin N33,000 muke karɓa, sai a watan Maris na 2025 sabon alawus na N77,000 ya fara shigowa. Da shi da ɗan darasin da nake yi wa 'ya'yan maƙwabta da yamma na tara abin da bai wuce N400,000 ba, kuma shi ne iyakar jarina.

Tun da na dawo Kano nake yawo da takardu. Bankuna biyu da na so in nema sun rubuta a sanarwarsu cewa kada mai nema ya wuce shekara 26, wato yajin aiki ya riga ya fitar da ni tun ban cike fom ba. Na kai takardu masana'antu a Sharaɗa da Calawa da Bompai, inda maigadi ne yake karɓa ya ce za a kira ni. Wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa ya ce tun da ba ni da lasisi sai dai in zauna a teburin rajista. Wata makarantar kuɗi kuma ta yi mini tayin N40,000 a wata, da na lissafa kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa sai na ga fiye da rabi a hanya zai tsaya.

Hanyoyi huɗu ne a gabana. Mahaifina, wanda ya yi ritaya, yana son in koma jami'a in karanci kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. Yayata tana cewa aikin jinya ne ke fitar da mutane waje yanzu. Wani malamina ya ce in yi PGDE, wato difilomar koyarwa ta masu digiri, in rungumi koyarwa, tun da na riga na ɗanɗana alli. Abokin kawuna kuma, wanda yake haɗa sola, ya ce in zo ya koya mini kyauta. Abin da nake roƙo shi ne a faɗa mini gaskiyar kowace hanya: shekara nawa take ci, me ake buƙata kafin a shiga, kuma idan an gama me mutum yake samu a wata. Allah ya saka da alheri.

Mai Gwajin Jini ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Labarinka labarina ne, domin ni ma maikrobayoloji na fara karanta kafin in koma aji biyu, don haka zan faɗa maka abin da na so a ce wani ya faɗa mini a lokacin.

Mai ɗakin gwajin da ya mayar da kai bai yi maka rashin mutunci ba, doka ya bi. Dokar 2003 da ta kafa hukumar MLSCN, mai kula da ma'aikatan gwaje-gwajen asibiti, ta keɓe gwajin jini da fitsari da sauran abubuwan da ake ɗauka daga jikin majiyyaci ga wanda hukumar ta yi wa rajista, kuma digirin maikrobayoloji, duk da cewa rabin abin da muke yi a benci ka san shi, digirin kimiyya ne zalla, ba ya kai mutum ga wannan rajista. Wannan ne abin da ba a gaya wa ɗalibai ranar da ake raba musu kwas.

Hanyar ita ce ka sayi fom ɗin JAMB na shiga kai tsaye, a ɗauke ka a aji biyu na digirin BMLS, wato kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, wanda asalinsa shekara biyar ne, kai kuma za ka yi huɗu. Ana yin sa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo da wasu. A cikin shekarun akwai jarrabawar hukuma baya ga ta jami'a, bayan ka ci a rantsar da kai, sannan ka yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, kuma ana biyan albashi a wannan shekara. Hidimar ƙasa ba a maimaita ta, wannan kam ka huta. To amma lissafin shekara biyar ɗin a takarda ne kawai. Hukuma tana ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, masu shiga kai tsaye kaso kaɗan ake ware musu, kuma masu irin digirinka da ke neman wannan kaso suna da yawan gaske. Ni sai a nema na biyu na samu. Gurbin shekarar sanin makamar aiki ma layi ake bi, na san waɗanda suka jira fiye da shekara. Idan komai ya tafi daidai, ba yajin aiki ba jira, kana da shekara 32 ranar da za ka fara neman aiki na dindindin.

Maganar kuɗi kuma, jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista a 2023, kuma kwasa-kwasan lafiya ne suka fi tsada, ga kuɗin shigar da suna a hukuma da na jarrabawarta da na zirga-zirgar asibiti. Abin da ka tara zai kai ka ƙarshen shekarar farko, da ƙyar ya leƙa ta biyu. Karatu ne na cikakken lokaci, kuma daga aji huɗu, lokacin da ake tura ɗalibai asibiti, neman kuɗi a gefe yana yin wuya. Saboda haka tambayar da za ka yi wa Baba, cikin ladabi, ita ce wa zai ɗauki nauyin shekara ukun da suka rage.

Albashi ya danganta da wanda ya ɗauke ka. Asibitocin tarayya suna biya da tsarin albashin ma'aikatan lafiya na CONHESS, kuma shi ne mafi tsoka, ko da yake haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta JOHESU ta shafe shekaru tana neman a gyara shi kamar yadda aka gyara na likitoci a 2014. Jihohi da yawa wani kaso na wannan tsari suke biya, kowace da ƙarfinta. Masu zaman kansu kuwa abin da suka ga dama suke bayarwa, ni kaina da lasisina a hannu na fara da albashin da bai kai alawus ɗin ɗan hidimar ƙasa na yau ba. Amfanin lasisin na gaskiya ba a albashin farko yake ba. Amfaninsa shi ne ba ka rasa inda za ka yi aikin dare ko na ƙarshen mako, kuma wata rana kana iya yi wa wurinka rajista ka buɗe naka, idan ka samu jarin madubin gwaji da firji da wutar da ba ta ɗaukewa.

Akwai kwas na shekara uku a kwalejojin fasahar lafiya da ke fitar da mataimakan ma'aikatan gwaji, za a kawo maka shi a matsayin gajeriyar hanya. Ban ba ka shawara ba, domin mai digiri da ya bi ta nan ya koma baya ne, kuma matakin da zai tsaya a aikin gwamnati yana ƙasa da wanda kwalinsa na yanzu zai ba shi.

Abu na ƙarshe, kada ka raina digirin da ke hannunka. Hukumar NAFDAC tana buƙatar masana'antar abinci ko ruwan sha ta nuna mai ilimin kimiyya da ke kula da sarrafa kayanta, kuma ƙananan masana'antun ruwan leda da yogot da burodi sun fi manyan na Sharaɗa sauƙin shiga, domin a can mai wurin da kansa za ka gani, ba maigadi ba. Ka yi hattara da wanda zai ce ka ba shi hayar takardarka ka zauna a gida, domin ranar da ruwan ya cutar da mutane sunanka ne a fayil.

Anti Nas daga Zariya ta rubuta:

Ƙanena, yayarka ba ta yi ƙarya ba, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Shekarata goma sha huɗu a aikin jinya, kuma na raka abokan aiki da dama filin jirgi, don haka bari in jera maka abin da ke tsakaninka da wannan jirgi.

A zamaninmu shekara uku ake yi a makarantar jinya a rubuta jarrabawar NMCN, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma, a zama nas mai rajista. Yanzu makarantun sun koma kwalejoji masu ba da ND da HND, shekara huɗu ke nan, kuma ta JAMB ake shiga. A jami'a digirin jinya shekara biyar ne, mai shiga aji biyu ya yi huɗu, sannan shekarar sanin makamar aiki ta biyo baya. Ko ta ina ka bi, digirinka na farko ba zai rage maka abin kirki ba, kuma za ka zauna aji ɗaya da yaran da ka girme su da shekara goma, wanda ba kowane namiji ne yake iya jurewa ba.

Fita waje kuwa gaskiya ce, har magatakardan hukumarmu ya faɗa a farkon 2024 cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Amma ka dubi matakan. Mai son Ingila sai ya ci jarrabawar Turanci, IELTS da maki 7 a jimlace ko kuma OET, sannan jarrabawar kwamfuta ta hukumar jinyarsu, sannan jarrabawar gwajin aiki da ake yi a can, kuma duk da kuɗin waje ake biya. A 2024 albashin farawa a asibitocin gwamnatinsu wajen fam 30,000 ne a shekara, wanda idan aka juya shi naira yakan ruɗa mutum, alhali haraji da hayar ɗaki da kuɗin ɗumama gida ba su fita ba tukuna. Nijeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, shi ya sa asibitocin Ingila ba sa zuwa ɗiba da kansu, sai dai mutum ya nema a ƙashin kansa. A Fabrairun 2024 hukumarmu ta fitar da sharaɗin sai nas ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardu, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Ƙofar masu kula da tsofaffi, wadda mutane da yawa marasa lasisi suka bi, Birtaniya ta rufe ta ga masu nema daga waje a Yulin 2025. Saudiyya, wadda mutanenmu suka fi sha'awa, tana da nata tantancewar takardu da jarrabawar lasisi ta Prometric, kuma masu ƙwarewar aiki take nema, ba sabbin fitowa ba. Idan ka haɗa karatu da aiki da jarrabawa, maganar shekara bakwai ko takwas muke yi daga yau, kuma dokokin waɗannan ƙasashe suna canzawa kafin mutum ya gama shiri.

A gida kuma, gwamnatin tarayya ta sanar a 2024 cewa ta ƙara guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Wannan alheri ne ga marasa lafiya, amma ma'anarsa ga mai shiga yau ita ce zai fito tare da ninkin waɗanda suke fitowa a da. Ko yanzu a ɗakin da nake aiki akwai matasa biyu masu lasisi da suke aikin sa kai suna jiran a buɗe ɗaukar ma'aikata, alhali mu da ke ciki aiki ya yi mana yawa, nas ɗaya da gado ashirin a daren da abokiyar aikinta ba ta da lafiya. Ƙarancin ma'aikata daban, ɗaukar ma'aikata daban. Yajin aikin gargaɗin da ƙungiyarmu ta shiga a ƙarshen Yulin 2025 a kan alawus ɗin aikin dare da na kayan sawa da tsarin albashi ne, ka ga ke nan mu ma kuka muke yi.

Ba ina kore ka ba ne, maza suna da daraja a wannan aiki, musamman a ɗakin gaggawa da na tiyata da ɓangaren masu taɓin hankali da na sa barci, kuma wanda ya ƙara karatun ƙwarewa a ɗayansu ba ya zama. Amma aiki ne na wanke gyambo da juya wanda ba ya iya juya kansa da kwana a tsaye ranar Sallah. Ka nemi izini ka yi mako guda kana jinyar wani ɗan'uwa ko maƙwabci da aka kwantar, dare da rana, ka kalli abin da nas yake yi. Wanda ya shigo don biza kaɗai a shekarar farko muke gane shi.

Malamin Kimiyya ya rubuta:

Malam, cikin hanyoyinka huɗu tawa ce mafi gajarta kuma mafi araha, kuma ita ce mafi ƙarancin kuɗi a ƙarshen wata, ba zan ɓoye maka ba. PGDE kimanin shekara ɗaya take ci, ana yin ta a jami'o'i da kwalejojin ilimi da cibiyoyin NTI, wato cibiyar horar da malamai ta ƙasa, kuma ta NTI a ƙarshen mako ake zuwa, don haka ba ta hana neman abinci. Bayanta sai jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, wadda ake yi a kwamfuta, ka samu rajista da lasisin koyarwa. Abin da ka tara zai ishe ka duka biyun har ka yi ragowa.

Mai digiri a aikin gwamnati mataki na takwas ake ɗaukarsa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma N70,000 a Yulin 2024, Kano ta sa nata N71,000, Kaduna N72,000, amma kada ka ɗauka an ninka wa na sama yadda aka ninka wa na ƙasa, domin ƙarin da ya biyo baya ga mataki na takwas zuwa sama bai kai haka ba, ga kuma cire kason fansho da haraji. Albashi na musamman da aka yi wa malamai alkawari a ranar malamai ta 2020 har yau yawancinmu a jarida muka gan shi. Abin da ya tabbata shi ne dokar 2022 da ta ɗaga ritayar malami zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, kuma wannan ya dace da mai irin shekarunka, ko da yake ba kowace jiha ce ta ɗauke ta lokaci ɗaya ba.

Tayin N40,000 da aka yi maka bai ba ni mamaki ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantun unguwa da yawa a nan suke fakewa, wasu ma ba sa biyan watannin hutu. Amma malamin bayoloji da kemistiri yana da kasuwar da malamin wasu darussa ba shi da ita, wato darasin shirya ɗalibai don WAEC da NECO da JAMB, kuma ni a watannin Janairu zuwa Afrilu abin da nake samu da yamma yakan zarce albashina. Jihar Kano, da ta gina makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977, kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ba za ta daina buƙatar malaman kimiyya ba, sai dai ɗaukar aikin ba kullum ake yin sa ba, kuma ranar da aka buɗe, wanda takardar TRCN ɗinsa take hannu shi ne a gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniya Ba Kwali ya rubuta:

Ɗan'uwa, ni HND gare ni a harkar mulki, na yi shekara uku ina jiran aiki kafin in hau kan rufin mutane, kuma yau da wannan sana'a nake riƙe da iyali. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da N200 har ta haura N1,000 a ƙarshen 2024, janareta ya zama kayan ado a gidaje da shaguna da yawa. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa N225 kowane yunit, sannan a Oktoban wannan shekara Arewa ta kwana fiye da mako guda a cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. A waɗannan kwanaki wayata ba ta huta ba. Masu shagon sanyi da masu cajin waya da ƙananan asibitoci da masallatai duk sun koma sola, haka manoman rani a wajen Kura da Kadawa da suka gaji da sayen fetur na injin ban-ruwa.

Koyon ɗaura faranti da jan waya wata uku ya isa, kuma shi ya sa masu yin sa suka yi yawa har suna karya farashi. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne lissafi: ka zauna da mai gida ka ƙidaya kayan wutarsa da awannin da yake kunna kowanne, ka fitar da girman inbata da yawan batir da faranti da kaurin waya, ka san bambancin batir mai ruwa da na litiyam, ka san yadda ake kare kayan daga tsawa. Mai ilimin kimiyya kamarka zai kama wannan cikin sauri, kuma a nan kuɗin yake, domin yawancin ayyukan da nake samu yanzu gyaran ɓarnar wasu ne, inda aka sa siririyar waya ta yi zafi ko aka haɗa batir sabo da tsoho suka kashe juna. Ka ba wa kanka shekara guda a ƙarƙashin maigida kafin ka karɓi aiki da sunanka. Idan kana son ayyukan kamfanoni da ƙungiyoyi, su takarda suke tambaya, sai ka nemi shaidar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, ko horon NAPTIN, cibiyar horar da ma'aikatan wutar lantarki, sannan shaidar masu haɗa wuta ta NEMSA, hukumar duba ingancin aikin lantarki.

Albashi kuwa babu shi, kuma wannan ne abin da ɗan boko yake shan wahalar sabawa da shi. A bazara da watan azumi ina iya samun abin da ya ninka albashin abokaina na ofis sau uku, da damina kuma sai in yi mako biyu ban taɓa sukurdireba ba. Babu fansho, babu hutun rashin lafiya, idan ka faɗo daga kwano kai za ka yi jinyar kanka. Farashin kaya da dala yake tafiya, don haka wanda ya karɓi kuɗin mutum ya jinkirta saye yana iya cikawa daga aljihunsa. Ni na taɓa yin aikin gida guda kyauta saboda haka. Shekarar koyo kuma kuɗin abinci da na mota kawai za ka riƙa samu. Wanda ya ce zai koya maka kyauta ya yi maka babban alheri, amma ku yi magana a gaban kawunka tun farko a kan tsawon lokacin da abin da zai riƙa ba ka, domin rashin wannan magana ya raba zumunci da yawa.

Tsohon Jami'in Ma'aikata ya rubuta:

Ɗana, na yi shekara 35 ina riƙe fayilolin ma'aikata, kuma abu biyu zan ƙara a kan abin da waɗannan bayin Allah suka faɗa. Na farko, kada alƙaluman rashin aiki su sa ka zargi kanka. Hukumar ƙididdiga ta ce kashi 33.3 cikin ɗari ne a ƙarshen 2020, sannan a 2023 ta sauya ma'auni, ta riƙa ƙirga duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. Ma'aunin ne ya sauya, guraben ba su ƙaru ba, kuma ita hukumar da kanta ta nuna cewa fiye da kashi 90 na masu aiki a ƙasar nan ba a ofis ko kamfani mai tsari suke ba.

Na biyu, mai N400,000 a hannu da kwali a jaka shi ne abincin masu sayar da ofa. Za a zo maka da takarda mai tambari a ce saura gurbi ɗaya. Kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki zargin sayar da guraben aiki a 2023, kuma ni da idona na ga matasa sun zo kama aiki da takardar da babu ita a kowane fayil, bayan iyayensu sun sayar da gona. Kada ka ba kowa sisi.

Ban yarda cewa dole ne ka zaɓi ɗaya ka bar uku ba. PGDE ta Asabar da Lahadi ce, sola ta Litinin zuwa Juma'a, fom ɗin shiga aji biyu kuma kuɗinsa kaɗan ne, ka saya ka gani. Idan gurbin ya fito alhali kana da sana'ar da za ta biya maka rajista, ka cika wa mahaifinka burinsa; idan bai fito ba, ba ka yi asarar shekara ba. Jinya ce kaɗai zan ce ka ajiye, tun da a duk bayaninka ban ji inda ka ce kai kana son ta ba.

Ɗan Ƙofar Na'isa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Tsohon Jami'i, gaskiya ka faɗa, jinya burin yayata ne, kuma bayanin Anti ya ishe ni. Na karanta wa mahaifina amsar Yaya Mai Gwajin Jini daga farko har ƙarshe, ya yi shiru a kan tambayar shekara ukun nan, daga baya ya ce in sayi fom ɗin idan an buɗe, sauran a bar wa Allah. Ranar Asabar za mu je wurin mai solar tare da kawuna a yi maganar lokaci da kuɗin mota kamar yadda aka ba ni shawara, kuma na samo sunayen masana'antun ruwan leda uku a unguwarmu da zan je in ga masu su da kaina.

Saura tambaya biyu. Malam, tsakanin PGDE ta NTI da ta jami'a, akwai wadda aka fi dubawa wajen ɗaukar aiki a jiha, ko duk ɗaya ne muddin akwai rajistar TRCN? Injiniya kuma, daga cikin kuɗin da ke hannuna, waɗanne kayan aiki ne ya kamata ɗan koyo ya fara mallaka da kansa, mitar gwajin wuta da injin huda bango sun isa, ko in jira sai maigidan ya faɗa mini?